Mai Facin da Ya Yanka Tayar Surukinsa

Akwai wani mai faci a bakin titi, kusa da inda motocin haya ke lodi, kowa Dogo yake ce masa. Rumfarsa ba wata babba ba ce: injin iska, bahon ruwan da yake tsoma taya don neman huji, sai wani benci mai ɗingishi. Aiki kam ya iya. Matsalarsa ɗaya, kunya. Irin mutanen nan ne da za ka taka musu ƙafa su ba ka haƙuri.

Duk duniya ba wanda yake jin nauyi kamar surukinsa, mahaifin matarsa, wani dattijo direban bas da ya shekara talatin yana jigilar fasinja. Shekara tara da auren, Dogo bai taɓa haɗa ido da shi ba.

Wata safiya sai ga bas ɗin ta tsaya a gaban rumfar. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya nuna tayar gaba da ƙafa.

"Jiya na faɗa rami, ta yi ɗan ƙulli a gefe. Manna mata faci daga ciki, fasinja na jira na."

Dogo ya shafa wurin. Kumburi ne kamar ƙwai.

Duk mai faci na gaskiya ya san bambancin. Ƙusa ta huda taya ta wajen da take taka ƙasa, faci ya isa. Amma gefen taya kullum cikin lanƙwasa yake, duk juyin da ta yi. In ya kumbura, zaren da ke cikin robar ne ya tsinke, fatar sama kawai ta rage tana riƙe iska. Tana ɗaukar zafi a hanya sai ta fashe, ga shi kuma tayar gaba ce.

Ya sa jak, ya kwance tayar, ya sace iskar, ya raba ta da rim, ƙarfen da take kai. Duk jan lokaci yake yi yana neman bakin magana.

"Baba," ya ce, kansa a ƙasa, "wannan fa ba ta facuwa."

"Ba ta me?"

"Ta gama aiki, Baba. Ina da wata mai lafiya a ciki, in kun yarda in sa muku."

Dattijon ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai yaro, ina riƙe da sitiyari kana rarrafe. Ban zo roƙon taya ba, tawa zanenta ko sudewa bai yi ba. In ba ka iyawa, miƙo min, ga wani can gaba."

Dogo ya san na gaban sarai. Ko takalmi ka kai masa ka ce taya ce, zai manna faci ya ba ta iska. Ya hango bas ɗin cike da mutane, a guje, rana ta take. Ya kuma hango kansa yana shiga gida a matsayin wanda ya wulaƙanta uban matarsa.

Ya ɗauki wuƙar aiki. Ya luma ta a kan kumburin, ya yanko wurin gaba ɗaya.

Duk wannan a kan idon wasu direbobi da ke zaune a benci.

Dogo ya miƙa guntun robar da hannu biyu. Zaren ciki duk ya tsittsinke, ya yi buzu-buzu kamar bakin tsohon buhu.

"Ku gafarce ni, Baba. Gara ku yi fushi da ni kuna raye."

Dattijon ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Ya jefa guntun a aljihu, ya bar bas ɗin a kan jak, ya tafi a ƙasa.

Ranar Dogo bai san abin da ya yi ba. Da ya koma gida, labari ya riga shi. Matarsa ta ajiye masa abinci, idonta jawur.

"Baban yara, Baba za ka yi wa haka a gaban mutane? Ko wayata ya ƙi ɗauka."

Dogo kansa tausayin tsohon yake ji, don ya san ba tayar ce ta yi masa ciwo ba, girmansa ne aka taɓa.

Washegari yana buɗe rumfa sai ya ji sallama. Dattijon ne. Dogo ya zube ƙasa, yana jiran abin da zai biyo baya.

Tsohon ya zauna a benci, ya ciro guntun robar, yana juya shi.

"Na daɗe ina duban abin nan. A kansa na so in ɗora mutum goma sha huɗu." Ya mayar da guntun aljihu. "Tashi ka sa min waccan ɗin. Ka duba sauran ukun ma, wadda ba ta yi maka ba, ka cire."

Dogo ya miƙe zai ɗauko sifana, dattijon ya riƙo hannunsa.

"Ɗago ka dube ni. Na ba ka 'yata don na ga kana da kunya. Sai jiya na san hannun da na saka ta, ɗana."

Darasi: Kunyar da za ta bar wanda kake girmamawa ya hau hanya da tayar da ta kumbura ba ladabi ba ce, cuta ce. Faɗa masa gaskiya ko da zai yi fushi, fushi yana hucewa amma rai ba ya dawowa. Kafin ka tayar da mota, zagaya ka duba gefen tayoyinka. Ku tura wa duk direban da kuke son ya dawo gida lafiya.