Inda Dusar Ƙanƙara Ta Taru

Ku gyara zama. Labarin nan babu dariya a cikinsa, kuma in na gama ku za ku yi magana, don ni na rasa ta cewa. Yaran da zan ambata 'ya'yan ƙanwata Asabe ne.

Autanta Mujittafa ya tafi karatun likitan dabbobi a wata ƙasa mai tsananin sanyi. Wata ranar hutu suka hau dutse shi da 'yan ajinsu, iska ta taso da dusar ƙanƙara, kowa ya sauko ban da shi. Masu ceto suka yi kwana tara suna nema, sannan suka ce dutsen ya yi faɗi, ba su san inda za su tona ba. Asabe kuwa, wadda likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki wani babban tashin hankali ba, ta ce ɗanta yana raye, wasu ne suka tsince shi. Kullum sai ta rufe masa tuwonsa a kwano. Ta tara yayyensa uku ta ce, "Ku nemo min shi."

Shamwilu, babbansu, bakanike ne. A wayarsa bidiyon ƙarshe da yaron ya turo yake, yana dariya a kan dutsen. Ya kalle shi har ya haddace. Shi ya lura da gefen da gyalen wuyansa ke kaɗawa, da wani karkataccen ƙarfe a bayansa. Ya bi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya a waya, da guntun Turancinsa, wasu na kashewa yana sake kira, har ya tattara hotuna sittin da lokacin da aka ɗauki kowanne. Ba don shi ba, da ba a san inda yaron ya tsaya ba, balle inda iska ta fito.

Rumasa'u, mai bi masa, zanen talla take yi da kwamfuta a Kaduna, kuma ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonta ba. Ta ɗauki hotunan ta gina dutsen a cikin kwamfuta, kwari da tudu, ta riƙa zubo masa dusar daga sama. Mako uku abin yana kwanciya bai ɗaya kamar an barbaɗa gari a faifai, bai nuna mata komai ba. Sai ta tuna ranakun shiƙa a ƙauye, yadda ƙaiƙayi ke guje wa fili ya je ya taru a bayan turmi, inda iska ba ta kai. Ta saka iskar da Shamwilu ya gano, ta sake zubowa. Dusar ta share tudu ta tafi ta cika wani lungu a bayan babban dutse, tsayin mutum uku. Nan ne duk mai gudun iska zai raɓe. Ta zana ɗan mutum ta tsugunar da shi a lungun don ta auna. Tana kallo abin ya kai masa gwiwa, ya kai ƙirji, ya shafe kansa, cikin abin da bai kai sa'a biyu ba a lissafin na'urar. Ta maimaita sau goma sha ɗaya ko zai canza. Bai canza ba. Ba don ita ba, da ba a san inda za a tona ba.

Lawandi, na ukunsu, manomin albasa ne da bai taɓa shiga jirgi ba. Shi ya tafi da zanen. Masu ceton suka ce an rufe nema, ya zauna a ƙofar ofishinsu kwana huɗu har suka tashi suka bi shi. Ya yi tono tare da su har sanyi ya cinye masa yatsu biyu na ƙafa. A lungun suka sami Mujittafa, a tsugune, kamar yadda Rumasa'u ta zana. Lawandi ya yi masa wanka, ya nemo Musulmin garin suka sallace shi, ya binne shi a can. Ya dawo da hular sanyin da Asabe ta saƙa wa autan da hannunta. Ba don shi ba, da har yau yaron yana can babu sutura.

Da hantsi suka tsaya su uku a ƙofar ɗakinta, ni ina gefe.

"Yaya, kai ne babba," in ji Lawandi.

"Ni hoto kawai na tara. Kai ka ga fuskarsa."

"Na gani. Amma Rumasa'u ta riga ni gani."

 Hular tana hannun Rumasa'u, ta rasa wanda zai karɓa.

Daga ciki muka ji ƙarar murfin kwano, sannan muryar Asabe. "Su wane ne a nan kuka tsaya kamar baƙi? Lawandi, kai ne? Shigo mana, ɗan nan, ka ce da autana ya daina ɓuya a bayanka."

Ita ta aike su, kuma duk sun cika aike. Dole ɗaya ya ɗaga labulen nan, ko da maganar za ta tafi da ranta. To, jama'a, tsakanin wanda ya gano iska, da wadda ta zubo dusar, da wanda ya tona, wa ya kamata ya shiga da hular?