Yadda Nisim Ya Sayar da Zomonsa da Faranti Ɗaya

Nisim ɗan yayata ne, shekararsa bakwai, kuma duk unguwar Yahudawa ta birnin Buhara babu malalaci kamarsa. Da na dawo daga Mosko bayan shekara shida ina gantalin neman aiki, na tarar ya yi kukan kwana uku har an saya masa zomo. Sati ɗaya ya yi yana ba shi ciyawa. Daga nan zomo ya koma gaigayar katakon kejinsa.

Yayarsa Mazol kuwa bakinta ya buɗe da karatu, ta addabi gida da wani tsohon littafin yara na dokokin addininmu. Ranar Talata da rana duk gidan muka zauna cin abinci. An dafa bahash, koriyar shinkafar nan mai ganye da hanta, wadda Nisim ke iya sayar da mu duka a kanta. Ya kai hannu ke nan, Mazol ta ce, "Kaka, a nan an rubuta wai mutum ba ya cin abinci sai ya fara ciyar da dabbarsa. Gaskiya ne?"

Mahaifina Pinhos ya gyara tabarau ya ce, "Gaskiya ne. Haka muka taso."

"To zomon Nisim tun jiya bai ci komai ba."

"Munafuka!" in ji Nisim. "Wa ya tambaye ki?"

Tsoho ya janye farantin Nisim ya ce, "Tashi, sarkin ci. Ciyawa na bayan gida."

Tafiyar ba ta kai taku talatin ba, amma Nisim ya dubi ƙofa, ya dubi shinkafa, sannan ya dube ni. "Kawu Rahmin, na ba ka zomon kyauta. Naka ne."

Ni kuma da wauta na ce, "Na karɓa, na gode."

Mahaifina ya mayar masa da faranti, ya miƙo hannu ya ɗauke nawa. "Mai zomo, bismilla, hanya ga ta nan."

"Baba, wasa fa muke yi!"

"A gaban shaidu biyar? A Mosko ne ake irin wannan wasan?"

Haka na fita ina yankar ciyawa cikin rana, ina jiyo Nisim yana neman ƙari. Da na dawo, sai ƙanzo na tarar.

Da yamma cikinsa ya sauka, ya zo ɗaukar zomonsa zai nuna wa abokai. Na ce masa ni ba mazauni ba ne, ƙafata har ta fara ƙaiƙayin tafiya, don haka na riga na ba Mazol zomon. Ya yi birgima, ya kai ƙara wurin kakansa. Tsoho ya ce, "Kyauta ba ta komawa, jikana. Ai ka cinye kuɗinsa."

Mazol ta tausaya masa, ta yarda ya riƙa shafa zomon, bisa sharaɗi ɗaya: kullum da safe shi zai yanko ciyawa kafin ya karya. Yanzu yana yin aikin da ya guda, kuma zomon ba nasa ba ne.

Darasin a nan shi ne, duk mai ran da aka damƙa maka, cikinsa na gaba da naka. Wanda ya yar da amana don ya huta na minti biyar, zai ɗauki wahalarta daga baya, ladan kuma na wani.