Rigar Ruwa da Tukunyar Man Shanu

A bakin wani babban kogi an yi wani mutum mai kwalekwale, wanda sana'arsa ita ce ƙetarar da mutane. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya tashi sai kowa ya sa rigar ruwa, wato rigar nan mai kauri da ke hana mutum nutsewa.

Ana nan sai matarsa Rifkatu ta haifi ɗanta na fari, ta aike shi ƙetare ya ɗauko mata mahaifiyarta. Tsohuwa ta iso bakin ruwa rungume da tukunyar man shanu da ta daɗe tana tara wa mai jego. Jirgi ya riga ya cika, riga ɗaya ta rage. Ya durƙusa ya miƙa mata. Ta karɓa, ta sa masa albarka, ta latsa rigar ta ji laushi. Sai ta naɗe tukunyar da ita tsaf, ta ɗaure, ta ɗora a cinya. Ku ji fa, yara, an ba mutum riga ya sa wa tukunya!

Bawan Allah ya ga abin da ta yi. Surukarsa ce, ko ido ba ya iya haɗawa da ita, balle ya yi mata faɗa. Sai ya ajiye filafilinsa na tuƙi ya zauna. Mutane suka fara gunaguni, har tsohuwa ta tambayi abin da ake jira.

Kansa a sunkuye ya ce, "Mama, Rifkatu ba ta aike ni in kawo tukunya ba. Ke ta ce in kawo."

Tsohuwa ta yi ta mita, wai tana haye kogin nan tun ba a haife shi ba, wai 'ya'yan yanzu tsoro ya yi musu yawa. Amma maganar ta shige ta. Ta kwance rigar ta sa, wata mata ta ɗaure mata igiyoyin.

A tsakiyar kogi jirgin ya bugi wani kututture da ruwa ya rufe, ya kife. Tsohuwa ba ta iya iyo ba ko kaɗan, amma rigar ta riƙe ta a sama har masunta suka iso, suka tsamo kowa da rai. Tukunya kuwa ta yi ƙasa.

Ta shiga gidan 'yarta a jiƙe sharkaf, tana kuka don kunyar zuwa barka hannu wofi. Rifkatu ta rungume ta, ita ma tana hawaye. Ta ce, "Mama, miƙo hannuwan nan." Ta ɗora mata jariri.

To, ga ma'anar misalin nan, ƙaunatattuna. Kogin shi ne zaman duniya, rigar kuwa ceton da Ubangiji ya miƙo wa kowannenmu. Sau nawa mukan roƙi Allah ya tsare gonarmu da awakinmu da kayan ɗakinmu, ranmu kuwa mu bar shi haka nan? Tukunyar ba mugun abu ba ce, ƙauna ce ta cika ta. Amma ba dominta aka ba da rigar ba. Idan wani ya ajiye filafili saboda kai, kada ka ji haushinsa, sonka yake yi. In za ka hau ruwa, sa rigarka ka ɗaure. In ka ji kiran Ubangiji, karɓa wa kanka. Uban da ke jiranmu a ƙetare bai aiko a kawo masa kayanka ba. Kai ya ce a kawo.