Dokar da Bai Karanta Ba

An yi wani mutum a wannan gundumar tamu. Ba zan faɗi sunansa ba. Rabinku kun ci soyayyen kifinsa lokacin yaƙin neman zaɓe, sauran rabin kun manna hotonsa a bayan mota.

Ni na koya masa tarihi a sakandare, kuma a shekara talatin da huɗu da na yi ina riƙe alli ban ga kai irin nasa ba. Ɗan Verna ne, bazawarar nan mai wanki da guga. Yana ɗan shekara sha shida ya haddace kundin tsarin mulkin jiharmu, abin da gwamnoni uku a jere ba su yi ba. Da muka tura shi majalisar jiha, shekarunsa huɗu na farko abin alfahari ne. Gadar da kuka hayo da safen nan shi ya kawo ta. Duk dokar da aka ajiye a gabansa sai ya bi ta layi-layi da jan biro.

Sai kamfanin takarda na bakin kogi ya lura da shi.

Ya 'yan uwa, kada ku zaci Shaiɗan da jakar kuɗi yake zuwa. A ƙasar nan ya waye. Gayyatar taro yake aikowa: kwana uku a otal a bakin teku, a taho da iyali. Da rana lauyoyi masu ladabi su miƙa maka doka rubutacciya tsaf, an bar maka gurbin sunan jiha da gurbin sa hannu. In zaɓe ya matso, ka ga fuskarka a talabijin safe da yamma, wata ƙungiya mai daɗin suna ce ta biya, ba wanda ya san masu ita. Duk wannan doka ta yarda da shi. Na duba.

A lokacin, 'yan haya na unguwannin bakin kogi sun fara zaɓen masu tambayar abin da ke kashe kifi. Kamfanin bai ce a hana kowa zaɓe ba. Cewa ya yi a tsaftace rajista. Ofishin zaɓe zai aika wa kowa kati ta gidan waya. In ba a same ka a gida ba katin ya dawo, a soke sunanka. In ka sake rajista, sabon shiga ne kai. To wa ke yawan sauya gida? Wanda ambaliya ta kora, da wanda mai gidan haya ya kora.

Shafi arba'in da biyu ce dokar. Ranar Alhamis aka ba shi, ranar Litinin ya gabatar da ita da sunansa. Jan biron ya daɗe da bushewa.

Mutum ɗaya ce ta karanta ta, Odessa Tillman, mai riƙe da rajistar masu zaɓe a gundumar nan shekara talatin. Ta hau bas har babban birni, aka ba ta minti biyu a gaban kwamiti. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗan Verna, ka karanta abin nan kuwa?"

"Inna Odessa, manyan lauyoyi sun karanta."

"Ba su na zaɓa ba."

Aka yi dariya, ya dubi agogo, dokar ta wuce.

A shekarar ne na kai matata Lorene asibitin birni, muka yi wata huɗu a gidan ƙanwarta. Katinmu ya dawo. Lorene ba ta taɓa fashin zaɓe ba tun ranar da aka fara barin irinmu baƙaƙen fata shiga layin zaɓe. Ranar zaɓe ta sa hularta ta coci, ta dogara sanda, muka je. Odessa ce da kanta ta fito ta faɗa mata an soke sunanta. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata, tare suke waƙa a wancan bencin na cocin nan. Na ce, "Ke ma kin san ta." Ta ce, "Na san ta, Malam. In na buɗe mata ƙofa, me zan ce wa mutum dubu da ban sani ba?" Ba ta buɗe ba. Lorene ba ta ga wani zaɓen ba. Shekara biyu ban gaida Odessa ba.

Shi kuwa mutuminmu, tun rasuwar Verna ya koma babban birni, cikin wani gida mai kallon tafki na wani abokin kamfanin. Sunansa a rajista yana nan a tsohon gidan uwarsa. Ciyawa ta kai taga, akwatin wasiƙa ya faɗi. Katinsa ya dawo kamar na kowa.

Makon shigar da takardun takara ya zo. Ya shigo ofishin zaɓe da masu ɗaukar hoto, yana neman shaidar cewa ya cika shekara guda a rajista ba yankewa, kamar yadda kundin da ya haddace ya shar'anta wa ɗan takara.

"Inna, ina kwana? Takardar nan da aka saba."

"Lafiya lau. Ba ka cikin rajista."

"Haba Inna, ke da kika goya ni?"

"Na goya ka, ka jiƙa mini zane. Shafi na sha tara, sakin layi na biyu. Ko in karanta maka?"

Ya rage murya. "Kin san gidanmu ai."

"Na sani. Na san gidan Lorene ma."

Ta zaro fom ɗin sabon shiga, ta ɗora biro a kai, ta tura masa.

Ya kira lauyoyin kamfanin. Suka ce ai dokar ba ta da ɓaraka, sun rubuta ta da kyau. Alƙali ma haka ya ce. Kafin mako ya zagayo, wata fuskar ce a talabijin, take iri ɗaya, kiɗa iri ɗaya, har karen da ke cikin hoton bai canza ba. Abokin kamfanin ya tuna yana bukatar gidansa. Yau mutumin nan yana sayar da inshorar mota a wani shago kusa da tasha, kuma ba wanda ke gayyatarsa bakin teku.

Ya 'yan uwa, me ya ka da shi? Ba rashin ilimi ba ne, ni shaida ne. Ba talauci ba ne. Amana aka ba shi ta ya karanta a madadinmu, ya ba da aron idonsa ga masu ciyar da shi. Ya sa hannu a kan abin da zai faɗa wa wasu, bai damu ya san ko su wane ne ba. Ranar da za a tsaya gaban Mahalicci, wa zai ce lauyoyi sun karanta masa?

Ku dubi Odessa kuma. Ta faɗi gaskiya a minti biyun da aka ba ta. Mugunyar doka ce, ta ƙi ta a fili, amma ba ta sassauta wa ƙawa ba, ba ta sassauta wa ɗan majalisa ba. Da ta buɗe wa Lorene ranar nan, da ba ta da bakin rufe masa. Na karanta littattafai sun fi dubu, sai da na shekara biyu kafin in gane abin da ta gane tana tsaye.

Ta yi ritaya yanzu. Duk Asabar tana bin unguwannin bakin kogi ƙofa-ƙofa tana mayar da sunaye rajista. Ni ke riƙe mata jakar takardu, gwiwoyina ba sa gode mata. A zaɓen bara mun ga mutumin a layi, bayan wasu masu share kamfanin, riƙe da ƙuri'a ɗaya irin ta kowa. Sai da ya karanta takardar gaba da baya kafin ya jefa.

Allah ya kiyaye mu daga sa hannu a kan abin da ba mu karanta ba, ya kiyaye mu daga cin amanar waɗanda suka aike mu, ya ji ƙan waɗanda aka mayar daga bakin ƙofa. Amin.