Ƙasar Gandun Sarki

An ce wani sarki yana da gandun wake wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Yabon fadawa ya yi masa daɗi, har ya ɗauki al'ada: da saukar damina sai ya aika wa kowane gida ƙwaryar ƙasa daga gandun, a barbaɗa a gona don albarka.

Wata shekara wake ya yi fure a gonakin jama'a, sai ganye ya yi rawaya, ya langaɓe, ya bushe a tsaye. Gona ɗaya ce ta tsira, ta wata tsohuwa mai suna Tasalla. Ka ji mutane! Nan take aka ce mayya ce, ta lashe kurwar gonaki. Aka jawo ta fada, sarki ya ce a ƙone gonarta, a kore ta daga ƙasar.

Akwai wani malami a zauren, Malam Barmo, wanda bai cika magana ba. Ya ce, "Ya sarki, mutum goma sun sha ruwan rijiya sun kwanta ciwo, ɗaya bai sha ba, yana lafiya. Wa za a tuhuma?"

Sarki ya ce, "Rijiyar mana."

"To, a tambayi baiwar Allah nan abin da kowa ya yi ita ba ta yi ba."

Tasalla ta durƙusa, abin tausayi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe mini. Ƙasar da ka aiko, wallahi ban kai ta gona ba. Rumbuna ne ya tsage, na kwaɓa na liƙe."

Fadawa suka yi caa, wai ta raina kyautar sarki. Malam bai kula su ba, ya roƙa a tugo wake daga gandu. Aka kawo, ga saiwa ta yi baƙi, ta ruɓe kamar tsohuwar igiyar guga. Ashe gefen gandun ya daɗe yana mutuwa, tsoro ya hana a faɗa.

Malam ya ce, "Ya sarki, wata fumfuna ce mai zama cikin ƙasa, tana cin saiwa ido bai gani ba. Ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta."

Sarki ya karɓi saiwar ya jujjuya ta a hannunsa. Can ya ce, "Ashe ni na raba ta gida-gida, ana yi mini godiya."

Ya sa aka buɗe rumbunansa ga waɗanda suka yi asara, ya hana shuka wake a gonakin sai ƙasa ta huta. Sannan ya sauko daga karaga ya ce, "Iya, tashi ki koma gonarki. Ke za ki yafe mini."

Malam ya ce, "Haka adalci yake, ya sarki: mai mulki ya binciki hannunsa kafin ya nuna wani da yatsa."