Malama Tambai da 'Yan Tsakin Zabi

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wata tsohuwar zabuwa, ana ce mata Malama Tambai. Nata 'ya'yan duk namun daji sun cinye su tun ba su iya tashi ba. Don haka ta buɗe makaranta a gindin wata tsamiya, tana koya wa 'yan tsakin zabi tashi sama.

To, yaran nan ba sa son karatun. Wannan ya ce fiffikensa na ciwo, wancan ya ce reshen ya yi nisa.

Da farko Malama ta yanko tsumagiya. Yara suka watse, suka ɓuya cikin ciyawa. Sai ta ajiye tsumagiya ta kawo gero, duk wanda ya yi tsalle ta ba shi. Suka yi ta tsalle har gero ya ƙare, tsalle ma ya ƙare. Sannan ta tara su, ta zauna a ƙasa kamar ɗayansu. Ta nuna musu tabon haƙori a bayanta, ta faɗa musu sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar ta daina nuna musu reshe. Ta ce su hau dutse tukuna. Daga dutse sai kututture, daga kututture sai reshe. Akwai wani ɗan tsako, Shekarau, wanda ya fi kowa faɗuwa. In ya faɗi ta kaɗe masa ƙura ta ce, "Jiya can ka tsaya, yau ga ka nan. Sake." Ya sake, ya faɗi. Ta ce, "Sake." Haka take yi wa kowa, har yara suka fara riga ta zuwa gindin tsamiya.

Ashe Tunku na kallo daga bayan suri. Ya ga in suka ƙware, ya yi ban kwana da naman zabo. Sai ya naɗa rawani, ya shiga gida gida yana cewa ya tuba, shi ma malanta yake yi yanzu. A makarantarsa ba faɗuwa, ba ciwon fiffike, ga inuwa ga gero. Iyaye suka ga 'ya'yansu na komowa daga wurin Tambai da ƙujewa, sai suka mai da su wurin Tunku. Ta bi su tana roƙo, suka ce kishi ne ke damunta.

Can kuwa ba abin da ake yi sai ci da kwanciya. In ɗan tsako ya ɗaga fiffike kaɗan, Tunku ya ce, "Ka iya, ka gama iyawa. Huta." Suka yi ta hutawa, suka yi ƙiba.

Ran nan aka nemi ɗaya aka rasa, Tunku ya ce ya tura shi ƙaro ilimi. Aka rasa na biyu, ya ce shi ma ya bi ɗan'uwansa. Da aka rasa na uku, Shekarau ya ga gashin tsuntsu a bakin ramin Tunku. Ya sulale ya je ya faɗa wa Malama.

Ta tashi ta bi shi. Ta tarar Tunku ya tattara sauran a bakin rami, ya cire rawani. Ta san tashinsu bai nuna ba, sai sun sami lokaci. Sai ta saki fiffike ɗaya a ƙasa, tana ja kamar ya karye. Tunku ya ga babban nama, ya bar ƙanana ya bi ta.

Ta waiwayo ta ce da yaran, "Dutse, kututture, reshe. Kada wanda ya dube ni."

Suka ruga gindin tsamiya. Wasu suka faɗi, suka sake. Shekarau ya tsaya baya yana tura masu ƙiba, har duk suka hau, sannan ya hau.

Ita kuwa tana iya tashi, amma ba ta tashi ba. Ta yi ta jan Tunku har bakin ƙauye, inda karnukan mafarauta ke kwance. Nan ya cafke ta a wuya, nan karnuka suka cafke shi. Ba wanda ya komo cikin su biyun.

Iyaye suka zo gindin tsamiya suna kuka, suna kiran 'ya'yansu su sauko. Yaran suka ƙi. Suka zauna a reshe suna duban hanyar ƙauye, suna jiran Malama ta zo ta ga inda suka kai.

To, kun ji. Wanda ya ce kun gama iyawa tun ba ku fara ba, ku dubi bakinsa da kyau. Wanda ya tsaya a kanku kuna faɗuwa yana ɗaga ku, ku gode masa tun yana da rai.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta ƙare nan.