Baƙin Man da Turki Ya Zaɓa

Akwai wani attajiri a Makka mai suna Turki, jikan Kanawa ne, yana da gidajen saukar alhazai a unguwar Jarwal. Ba ya karɓar magana sai daga wanda ya fi shi, kuma a ganinsa ba a haifi wanda ya fi shi ba.

Ya sayo wata tsohuwar mota daga Turai, irin wadda ake dafa ruwa a tukunyarta tururi ya tuƙa injin. Burinsa ita ce za ta kai ɗansa Taha wurin biki ranar aurensa, a yi ta zance.

Uzair, yayan matarsa, ya zo ganin motar. Shi ma ɗan kasuwa ne mai son tsofaffin injuna. Sun taɓa yin sana'a tare suka rabu, tun daga nan ko sallamarsa Turki da ƙyar yake amsawa.

Uzair ya ga galan-galan na baƙin mai a jere, ya ce, "Abu Taha, wannan na motocin zamani ne. Tururi zai wanke shi ya bar ƙarfe yana cin ƙarfe. Irin wannan injin, baƙin mai mai kauri yake so, wanda aka haɗa da kitse. Ina da shi, in aiko maka."

Turki ya dube shi sama da ƙasa. "Kitse? Ya shaikh, mota na saya, ba tukunyar miya ba."

Abokansa suka bushe da dariya.

"Ka tambayi wanda ya sayar maka mana."

"Khalas, magana ta ƙare. Wannan man shi ne mafi tsada a Jidda. Ka ajiye kitsenka ka shafa a kaushi."

A ransa ya san maganar tana da ma'ana. Amma a ce Uzair ne ya koya masa? Gara komai ya faru.

Ranar biki bayan la'asar motar ta fito tana huci, mutane na ɗaukar hoto, ango a zaune cikin alkyabba. Turki na tuƙi, hancinsa a sama.

Ba su ci rabin hanya ba injin ya fara kuka kamar ana wasa wuƙa. Motar ta yi gaba kaɗan, ta girgiza, ta ƙame a tsakiyar titi. Motoci suka taru a baya suna hon. Masu hoto ba su daina ba.

Taha ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga a alkyabbarsa. Uzair ne ya tsaya da tasa motar, ya buɗe wa Taha ƙofa. "Taho ɗana, dangin amarya na jira." Bai ko kalli Turki ba.

Makanikin da ya buɗe injin ya ce cikinsa ya kakkarce, kuma an daina ƙera kayansa tun kafin a haifi kakanninmu.

Har yau Turki na faɗa wa baƙi kambun baka ne ya kama motar. Rannan matarsa Nora tana zuba shayi ta ce, "Ƙwarai, baki ne. Naka."

Darasi: Gaskiya ba ta lalacewa don ta fito daga bakin wanda ka raina, kai ne za ka lalace in ka ƙi ta. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya saurara kafin tasa motar ta tsaya.